Daga ina Malam Zurƙe ya fito? Yadda marubuta ke samo taurarin da ba a mantawa da su

Mutane da yawa da suka karanta Ruwan Bagaja a firamare ko sakandare sun manta sunayen garuruwan da Alhaji Imam ya ratsa, wasu ma sun manta dalilin da ya sa ya bar gida tun farko. Amma da wuya a samu wanda ya manta Malam Zurƙe ɗan Muhamman.

Fiye da shekara 90 ke nan da rubuta littafin, har yanzu in an ambaci sunan sai a ga dattijo ya yi murmushi, kamar an ambaci wani tsohon maƙwabcinsa mai rigima.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, in aka bi sawun Zurƙe baya, ba a Kwantagora zai tsaya ba, ba kuma a Katsina ba. Sawun zai kai mutum har wani masallaci a birnin Basra na ƙasar Iraƙi, shekara 900 da suka wuce.

Tsohon da ya shigo masallaci

Malaman tarihi na Larabawa, ciki har da Ibn Khallikan, sun ruwaito cewa wata rana malam Al-Hariri, wanda ya rayu daga 1054 zuwa 1122, yana zaune a masallacin unguwarsu ta Banu Haram sai wani tsoho ya shigo. Tufafinsa tsumma ne, jikinsa duk alamar doguwar tafiya. Da ya buɗe baki kuwa, sai aka ji Larabci mai tsabta da fasaha wanda bai dace da kamanninsa ba.

Aka tambaye shi daga ina, ya ce daga Saruj, garin da yanzu yake cikin Turkiyya kusa da iyakar Siriya. Aka tambayi alkunyarsa, ya ce Abu Zaid.

A wata ruwayar an ƙara da cewa da Al-Hariri ya ba abokansa labarin tsohon, sai ya tarar su ma sun gan shi a nasu masallatan, yana sauya shiga daga wuri zuwa wuri yana neman abin hannun jama'a da zaƙin bakinsa.

Daga nan, in ji ruwayar, aka samu Abu Zaid As-Saruji, tauraron Maƙamatul Hariri mai babi 50, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa in almajiri ya yi nisa a lugga. A kowane babi Abu Zaid yakan ɓullo da sabuwar kama, yau mai wa'azi, gobe makaho, jibi mai ƙara a gaban alƙali. Mai ba da labarin, Harisu ɗan Hammam, yakan gane shi ne bayan aikin gama ya gama.

Akwai manazartan da ke ganin an ƙawata labarin tsohon masallacin daga baya, domin tun kafin Al-Hariri, Badi'uz Zaman Al-Hamazani ya riga ya ƙirƙiro irin wannan ɗan duniya mai suna Abul Fatahi. Ko ma yaya ne, abubuwa biyu suka haɗu a jikin Abu Zaid: littafin da marubucin ya karanta, da mutanen da ya gani da idonsa suna cin abinci da harshensu a masallatan Basra.

Abin da Abubakar Imam ya ɗauka, da abin da ya bari

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuma John Tafida ne ya rubuta shi tare da East.

Abubakar Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Bai ɓoye inda ya samo dabararsa ba. Daga baya ya bayyana cewa Maƙamatul Hariri ce ta nuna masa yadda za a gina labari a kan mutum biyu, shi kuma ya ɗora nasa a kan zaman Hausawa.

Sai dai duk wanda ya ajiye littattafan biyu gefe da gefe zai ga Imam bai kwafi Abu Zaid ya sa masa rawani ba. A Maƙama, mai wayon ɗaya ne, Harisu galibi ɗan kallo ne wanda ake yi wa wayo. A Ruwan Bagaja kuwa kowa gwani ne. Alhaji, wanda shi ne mai ba da labari kuma shi ya kamata mai karatu ya goyi bayansa, ya fi Zurƙe iya sharri a wurare da dama.

A tuna haɗuwarsu ta farko. Alhaji ya sauka wani gari yana cin abinci da sunan malanta alhali ba shi da karatun. Zurƙe, wanda ya fi shi sani, ya zo zai tona masa asiri. Sai Alhaji ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya kawo sunan harafin Larabci. Alhaji ya ce ba haka ba ne, jinjirin wata ne. Mutanen gari, waɗanda ba su san harafi ba amma sun san wata, suka bi bayan Alhaji, aka kori mai gaskiya.

Wannan wurin shi ne ya sa Zurƙe ya zauna a zuciyar masu karatu. An zalunce shi tun farko, don haka duk ramuwar da ya yi daga baya tana da tushe. Ba mugu ba ne da aka kawo don kawai a tsane shi. Kuma duk Bahaushen da ya taɓa ganin mai baki ya kayar da mai ilimi a gaban jama'a, a kasuwa ko a taron siyasa, ya san wannan fage tun kafin ya karanta shi.

Akwai kuma jinin Gizo a jikin su biyun. Imam ya tashi yana jin tatsuniya kamar kowane yaro na zamaninsa, masu karatunsa ma haka. Mai wayon da ke faɗawa ramin da ya haƙa ba baƙo ba ne a wurinsu.

Haka ya sake yi a Magana Jari Ce. Akun da ke riƙe ɗan sarki da labarai don kada ya fita yana da 'yan uwa a tsofaffin littattafan Indiya da Farisa. Kalalatu, wadda ta cinye kajin baƙo sannan ta tsorata shi da wuƙar mijinta, tana da takwara a tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan nan Grimm, inda ita kuku ce a gidan ubangidanta. Imam ya mayar da ita matar gida, abin ya koma rikicin miji da mata, ya fi zama daidai a tsakar gidan Bahaushe.

Me ya sa maganar ta taso yanzu

Ba a taɓa rubuta ƙagaggun labaran Hausa da yawa kamar yanzu ba. Ana sakin su shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana karanta su da murya a YouTube, wasu marubutan kuma da kuɗin da masu karatu ke biya suke rufa wa kansu asiri. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da marubuta mata da dama.

Amma mai yawan karanta irin waɗannan labarai zai lura da wani abu. Jarumin yakan zo da kama ɗaya: dogo, fari, miskili, ɗan mai kuɗi, likita ko babban soja, ba ya dariya sai a shafi na 40. Jarumar kuma marainiya ce kyakkyawa mai gashi har gadon baya, kishiyar uwa tana gana mata azaba. Ana ɓata shafi guda wajen bayanin motarsa da turarensa, a gama littafin ba a san abin da yake tsoro ba.

Irin wannan tauraro ba daga mutane aka samo shi ba. Daga wani littafin aka samo shi, wanda shi ma daga wani fim ɗin Indiya ko na Koriya ya samo shi. Aro ba laifi ba ne, tunda Imam ma ya ara. Bambancin shi ne shi ya kai abin da ya aro kasuwa da zaure ya gwada shi da mutanen da ya sani. A nan da yawa suke tsallake mataki.

Abin yana da tasiri har a aljihu. Mai karatun da ya biya kuɗin littafi ya ƙare shi, bayan mako biyu ya kasa tuna sunan jarumar, ba shi da abin da zai ba ƙawarsa ko abokinsa labari.

Likitan da ke gane mutum kafin ya yi magana

Misalin da ya fi shahara a duniya na tauraron da aka samo daga mutum mai rai shi ne Sherlock Holmes.

Arthur Conan Doyle ɗalibin likitanci ne a Edinbura ta ƙasar Sikotilan lokacin da ya haɗu da malaminsa Dakta Joseph Bell a 1877. Bell ya ɗauke shi ya riƙa tsara masa marasa lafiya kafin su shiga, wannan ya ba shi damar kallon yadda malamin ke aiki.

A littafin tarihin rayuwarsa, Doyle ya ba da labarin wani mara lafiya da ya shigo cikin farar hula. Kafin ya ce komai Bell ya faɗa masa cewa soja ne, bai daɗe da barin aiki ba, yana da ɗan muƙami, kuma ya yi aiki a tsibirin Barbados. Duk haka ne. Bell ya yi wa ɗalibai bayani: mutumin mai ladabi ne amma bai cire hularsa ba, domin soja ba ya cirewa, da ya daɗe a gida kuwa da ya koyi al'adar farar hula. Yanayinsa na mai ba da umarni ne. Ciwon da ya kawo shi, tundurmi, ba na Birtaniya ba ne, na yankin da Barbados take ne.

Shekara 10 bayan haɗuwarsu, a 1887, labarin Holmes na farko ya fito. Da aka tattara gajerun labaransa a 1892, ga Bell Doyle ya sadaukar da littafin.

Abin lura shi ne ɗan abin da Doyle ya ɗauka. Bai mayar da Holmes likita ba, bai ajiye shi a Edinbura ba, bai ba shi iyali irin na Bell ba. Hali ɗaya ya ɗauko, wato karanta mutum daga takalminsa da hannunsa da tafiyarsa, ya kai shi wani fage daban, fagen binciken laifi a Landan. Sauran, su goge da kaɗaici da shan ƙwaya in babu aiki, duk ƙari ne.

Tauraron ya yi ƙarfin da ya fi ƙarfin mai shi. Doyle ya gaji da shi ya kashe shi a 1893, masu karatu suka tayar da ƙura, daga baya dole ya dawo da shi. Shekaru masu yawa mutane suna aika wasiƙu zuwa lamba 221B a titin Baker, har kamfanin da ginin sa ya mamaye wannan lamba ya sa ma'aikaci yana amsa su.

Bariki, da gidan Si Sayyid

A gida ma akwai irin wannan. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamban 2023, ɗan gidan sarautar Pategi ne a jihar Kwara, kuma ya yi shekaru yana aikin soja. Samanja Mazan Fama da ya yi suna da shi a rediyo da talabijin na Kaduna bai buƙaci bincike ba. Hausar bariki mai gauraye da guntayen Turanci, da tsawa, da yadda mai igiya ke kumbura a gaban kurata ya kuma ƙanƙance in hafsa ya shigo, duk abubuwa ne da ya zauna a cikinsu. Sunan ya bi shi har ya shafe na yanka.

A Masar kuma sunan wani tauraro ya shiga bakin mutane ya zama kalma. Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya tashi a unguwar Jamaliyya ta tsohuwar Alƙahira, kusa da masallacin Husaini, a nan ya ajiye labarinsa Bainal Ƙasraini na 1956. Maigidan, Ahmad Abdul Jawad, a gida zaki ne: matarsa Amina ba ta fita, 'ya'yansa ba sa ɗaga ido a gabansa. Ranar da ta saci jiki ta je ziyara masallacin Husaini mota ta buge ta, sai da ya bari ta warke sannan ya kore ta gidan uwarta. Amma da dare a wajen abokai da mawaƙa mata, babu wanda ya kai shi raha da sakin hannu.

Har yau in Bamisire ya ce wane Si Sayyid ne, an gane nufinsa: miji mai mulkin mallaka. Da Mahfuz ya tsaya a kan zafinsa kaɗai, da an samu azzalumi irin na kowane littafi. Fuska ta biyun ce ta sa kowa ya ce ya san wani mai irin halin.

In marubuciya ita ce tushen

Wasu ba sa zuwa ko'ina nema. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13. Auren bai daɗe ba. Daga baya ta nemi ilimi da kanta, ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan Kano.

A littafinta Wa Zai Auri Jahila? akwai Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta, saurayinta ɗan boko ya guje ta saboda rashin karatun da ba ita ta jawo wa kanta ba, aka aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma neman ilimi. Ba tarihin marubuciyar ba ne kalma da kalma, amma zafin da ke cikinsa ba na jita-jita ba ne, kuma mai karatu yana jin haka.

Rabi ta Alhaki Kwikwiyo Ne, wadda miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta kama sana'ar abinci ta riƙe su, ita ma kowace unguwa a Kano tana da irinta. Littafin ya kai ga an fassara shi zuwa Turanci, wani kamfanin ɗab'i na Indiya ya buga shi a 2012. Rabi ba ta da gashi har gadon baya, ba ta da attajirin da zai zo ya cece ta a mota. Abin da take da shi tukunya ce da yara masu jiran abinci.

Ranar da mai kamar ta gane kanta

Ɗauko mutum mai rai a sa a littafi yana da nasa haɗarin, musamman a al'ummar da kowa ya san kowa. Marubucin da ya sa kawunsa a labari zai haɗu da shi a wurin suna ko ta'aziyya.

Thomas Mann na Jamus ya gina littafinsa Buddenbrooks na 1901 a kan danginsa da mutanen garinsu Lübeck. Mutanen garin suka riƙa yawo da jerin sunaye, wane a littafi shi ne wane a gari. Ƙanen mahaifinsa, wanda ya ga kansa a jikin wani malalacin tauraro mai yawan kukan ciwo, ya kai ga buga sanarwa a jarida a 1913 yana tir da ɗan wansa. Littafin dai shi aka ambata lokacin da aka ba Mann kyautar Nobel a 1929.

Charles Dickens na Ingila ma yana da wannan ɗabi'a. Mista Micawber na littafin David Copperfield, mai dogon Turanci da bashi har wuya, kullum yana jiran wani abu ya faɗo, daga mahaifinsa ya samo shi, wanda aka taɓa ɗaurewa a gidan yarin masu bashi a 1824. Wannan bai jawo rigima ba.

Wadda ta jawo ita ce Miss Mowcher. Littafin yana fitowa ne kashi-kashi duk wata daga 1849 zuwa 1850, kusan yadda ake sakin labarai a WhatsApp yanzu. A wani kashi Dickens ya shigo da wata wada mai gyaran gashi da farce, mai surutu, wadda alamu suka nuna za ta zama 'yar kore ga wani saurayi mai lalata 'yan mata.

A unguwarsu akwai wata mata wada, Jane Seymour Hill, mai sana'ar kula da ƙafa da farce, wadda har matar Dickens take yi wa aiki. Ta karanta, ta gane kanta, ta kuma san duk wanda ya san ta zai gane. Ta rubuta masa wasiƙa mai zafi cewa ya mayar da halittarta abin dariya kuma ya ɓata mata suna. Lauyanta ma ya rubuto.

Dickens ya amsa cewa lallai ya ɗauki wani abu daga kamanninta, ya kuma yi alƙawarin gyarawa. Kason da ya riga ya fita ba ya dawowa, don haka sai ya juya akalar labarin. Da Miss Mowcher ta sake bayyana bayan babi 10, ta zo ne cikin damuwa tana bayanin cewa ita ma yaudararta aka yi, kuma barkwancin da take yi garkuwa ce ga mace irinta da ke neman abinci a cikin mutanen da ke mata kallon abin wasa. Kusa da ƙarshen littafin, ita ce ta cafke baran saurayin nan a titi, ta riƙe shi gam duk da yankan da ya yi mata, har aka kama shi.